Yadda za ka mai da kambas ɗin gudun daji takalminka na yau da kullum a Sakkwato

Akwai wani irin kambas da ya yawaita a hannun 'yan gwanjo yanzu, za ka gan shi da haƙora a ƙasa, hancinsa da tauri, wani lokaci an rubuta Trail a gefe ko a harshensa. Turawa sun yi shi ne don masu gudu a kan duwatsu da laka da hanyar daji, ba don kwalta ba. Mu nan ba mai tashi da asuba ya tafi gudun dutse, amma duk wanda ke taka ƙafa daga cikin Mabera zuwa bakin titi, ko ɗalibin da ke yawo tsakanin aji da hostal a jami'ar Ɗanfodiyo can Dundaye, ko ma'aikaciyar jinya da ke wuni a tsaye, ya san ƙasar da muke takawa ba santsi gare ta ba, rairayi ne da tsakuwa da burji da ƙaya, ga bakin kwata da ya fashe. Toh a nan wanga takalmi ke da amfani, in dai ka zaɓi wanda ya dace. Matsalar ita ce mafi yawan mutane wanda ya fi ban tsoro a ido suke ɗauka, kuma shi ne ya fi wahalar da ƙafa a gari.

Mataki na farko, kafin ka kalli kala ko suna, ka kifa takalmin ka dubi ƙasansa. Haƙoran nan kala kala ne. Akwai masu tsawo, milimita 5 zuwa 6, a warwatse da tazara tsakaninsu, irin na Salomon Speedcross wanda samari ke mutuwar so, waɗannan don laka da ƙasa mai taushi aka yi su, su nutse su kama. Ka ɗora su a kwalta ko siminti babu inda za su nutse, sai ka ji kana tafiya a kan 'yan tsinaye, ƙafa na ɗan lilo, kuma robar tana da laushi saboda haka zafin kwaltar Sakkwato na watan Afrilu zai cinye ta da wuri. Tayar tarakta ce, a gona ta fi kowa, a titi kuwa sai ƙara da lalacewa. Abin da kake nema shi ne gajerun haƙora, milimita 3 zuwa 4, masu faɗi kuma kusa da juna. Ba sai ka je da rula ba, sa ɗan yatsa ka ji, in haƙorin ya kai rabin farcenka ya yi tsawo. Kamfanoni da yawa suna yin wanda ke tsakiya, rabi titi rabi daji, irin su Nike Pegasus Trail da Hoka Challenger da Asics Gel-Venture, su ne nake ganin sun fi dacewa da mu. Brooks Cascadia da wasu daga cikin Adidas Terrex ma ba laifi. In ka ga wani tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas a ƙasan an rubuta Vibram, wannan kamfanin Italiya ne da ke yin robar ƙasan takalmi, alama ce mai kyau, amma ko shi ka duba tsawon haƙorin.

Na biyu, kuma wannan dan Allah ka riƙe shi da kyau, duk wanda ka ga an rubuta masa GTX ko Gore-Tex ka ajiye shi. Mai shago zai ce maka "yallaɓai wanga ruwa bai shiga nai", kuma gaskiya ya faɗa, akwai wata 'yar shimfiɗa a ciki da ke tare ruwa. Amma a garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, abin da ya tare ruwa daga waje shi ne zai riƙe maka zufa a ciki, kafin azahar safarka ta jiƙe sharkaf. Ko da damina ma, ruwan da ke kwanciya a unguwanni cikin Agusta ta sama yake shiga, ta wuyan takalmi, kuma in ya shiga mai GTX ba ya da hanyar fita. Gara wanda zai jiƙe ya bushe da wuri.

Sai saman takalmin. Ɗaga shi sama ka leƙa ta ciki wajen haske. In kana hango rana ta ramuka manya manya, iska za ta shiga sosai amma ƙurar hunturu ma za ta shiga, da yamma ka cire ka ga yatsunka sun yi ja. In kuma ba ka ganin komai sam, zafi ne. Nemi na tsakiya, saƙa mai ƙanana ƙananan ƙofofi. Ka ja harshen ka gani ko an ɗinke shi da gefe da gefe, in an ɗinke tsakuwa da rairayi ba za su riƙa zurarawa ta nan ba, wannan na daga cikin abin da ya sa kambas ɗin daji ya fi na titi a wurinmu. Ɗayan kuma hancin nan mai roba, wanda duk ya taɓa yin tuntuɓe da dutse da silifas cikin dare ba wuta ya san darajarsa. Kala kuwa, baƙi wuluk yana shan rana, fari kuma ranar farko kaɗai yake fari, ni dai toka toka ko ruwan ƙasa nake ba mutum shawara.

Mataki na gaba shi ne awo, a nan ake yawan asara. Kada ka je kasuwa da lamba a kai kawai ka ce ni 43 nake sawa, domin 43 ɗin wani kamfani ba shi ne na wani ba, Adidas da Salomon ma har da su 43 1/3 da 44 2/3 suke rubutawa. Abin da ya fi tabbas, ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka taka a tsaye da safa, wani ya zagaye maka ƙafar da biro, ka auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo da tef ɗin tela, ƙafa biyun duka don sau da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Ka ƙara wajen santimita 1 a kai. A takardar da ke manne a harshen takalmi akwai lambar da aka sa wa CM ko JP, ita ce tsawon a santimita, misali Nike lamba 44 za ka ga an sa 28. Da ita za ka yi aiki.

Kuma ka je gwaji da yamma, bayan la'asar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura da zirga zirgar wuni. Ka sa duka biyun, ka ɗaure igiya, ka miƙe tsaye. Tsakanin babban yatsa da hancin takalmi ya kasance akwai faɗin babban yatsan hannu. Ka motsa yatsunka su wala. Yawancinmu da silifas da fade muka tashi, ƙafarmu ta baje ta gaba, shi ya sa wasu takalman Turai masu tsukakken baki irin su Salomon da La Sportiva ke matse wa mutane ƙaramin yatsa. Altra shi kuma da gangan suke yin gabansa da faɗi. In mai shago ya ce "sa shi dai Alhaji, zai buɗe", kada ka yarda, wannan ba fatar dukawa ba ce da za ta saki da man gyaɗa, zaren roba ne, yadda ka saye shi haka zai zauna.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba, bambancin tudu tsakanin dunduniya da gaban ƙafa. Wasu dundunyarsu ta fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, wasu 4 ko 5 irin yawancin Hoka, Altra Lone Peak kuma babu bambanci sam, a shafe yake. Wanda ya saba da silifas a shafen ba zai dame shi ba. Amma wanda ya shekara yana sa sau ciki mai dunduniya zuwa ofis, in ya koma a shafe rana ɗaya zai ji agararsa da sha raɓarsa suna ja. Shi ya fara da mai ɗan tudu.

Yanzu maganar gwanjo, don gaskiya nan mafi yawanmu za mu saya, ko a babbar kasuwa ko wajen masu shimfiɗawa a bakin titi da yamma ko masu tallatawa a WhatsApp. Na gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma sai ka iya dubawa, don an wanke shi an goge an cusa masa takarda ya miƙe, ido kaɗai ba zai gaya maka ba. Abin da ke mutuwa a kambas ba sama ba ne, soson tsakiya ne, wannan farin mai kauri da ke tsakanin ƙafarka da robar ƙasa. Masu yin takalman kan ce bayan gudun kilomita 500 zuwa 800 ya gama aiki, kuma mai yiwuwa Baturen da ya ba da shi sadaka sai da ya kai nan. Toh ka danna soson da babban yatsa ta gefe da ta ciki, mai rai zai shiga ya dawo, matacce ko dai ya yi tauri ko ya lotsa ya zauna. Ka duba gefen dunduniya, in ka ga layi layi na tamoji sun yi yawa sun zurfafa an sha tafiya da shi. Ka ajiye ƙafa biyun a kan benci ka tsuguna ka kalle su ta baya, in ɗaya ya karkace gefe to tafiyar mai shi na farko ce ta zauna a ciki, kai ma haka zai riƙa karkatar da kai har gwiwa ta fara ciwo. Ka kama hanci da dunduniya ka lanƙwasa, ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Kana lanƙwasawa kana kallon inda roba ta haɗu da soso, in baki ya buɗe ko ka ga busasshen gam ruwan ɗorawa ya malalo, an taɓa liƙe shi. Ka zare shimfiɗar ciki ka duba ƙarƙashinta, ka shafa bayan dunduniya ta ciki ko yadin ya huje, don wannan hujin shi ke cin safa ya kuma yi maka bororo. Sannan abin dariya amma yana faruwa, ka karanta takardar harshe ta ƙafar dama da ta hagu, a cikin dila ana haɗa 42 da 43 masu kama ɗaya. A takardar Nike da Adidas har kwanan watan da aka yi takalmin akwai, in ya tsufa sosai ko da bai sha tafiya ba gam ɗinsa ya bushe, sati kaɗan a zafin nan zai ɓare.

Sabo a kwali kuma da aka ce maka Salomon ne ko Hoka a kuɗin da bai kai na buhun siminti biyu ba, kai ma ka san amsar. Akwai lambar samfuri a takardar, ka buga ta a Google a wayarka nan take, in hoton da ya fito ba shi ne a hannunka ba ka miƙa masa abinsa.

Ka saya, ka kawo gida. Kada ka sa shi gobe ka tafi wuni. Ka fara da awa biyu uku, zuwa masallaci da kasuwa, kana lura da inda yake gogarka, sannan ka riƙa ƙarawa. Wasu suna da wani faranti mai tauri a cikin ƙasan don kada tsinin dutse ya soki tafin ƙafa, su sukan ɗan yi ƙarfi da farko. In na gwanjo ne ka wanke shi tukuna, shimfiɗar cikin kuma in ta lotse ka canza ta, ana sayar da ita daban. Mai ciwon suga ya ƙara kula, ya riƙa duba ƙafarsa kullum da dare don ƙaramin gurjewa kan zama babban abu, kuma in likita ya ba shi shawara kan takalmi ita ce gaba.

Safa. Ba a sa wanga takalmi ba safa, wlh warin da zai yi ko mai shi ba zai iya zama da shi ba. Auduga zalla tana shan zufa ta riƙe, gara siririya mai haɗin nailan ko foliyesta wadda ke bushewa da wuri, kuma ta ɗan haura idon sawu don rairayi. A sami ƙafa uku huɗu ana juyawa.

Toh ga inda maganar take a wurinmu, wadda Baturen da ya ƙera takalmin bai yi tunaninta ba, sallah. Sau biyar a rana za ka cire, ban da shiga gidan mutane da zauren malam da duk inda aka shimfiɗa tabarma. In cirewa da sawa suka zama aiki, sati biyu za ka koma silifas ka bar shi ƙarƙashin gado. Saboda haka ka gyara igiyar tun farko. Ramukan igiya na ƙasa ka daidaita su sau ɗaya yadda ƙafa ke jin daɗi ka bar su haka, na sama biyu kaɗai za ka riƙa sassautawa. Salomon suna da siririyar igiya mai maƙulli da ake ja kawai a tura ragowar cikin ɗan aljihun da ke kan harshe, ita kam ta yi wa mai alwala daidai, kuma ana samun igiyar roba mai talewa da za ka sa wa kowane kambas. Abin da ba a so shi ne ka riƙa taka bayan da ɗaya ƙafar kana fizgewa ba ka kwance ba, ko ka take dunduniyar ka mai da shi silifas don za ka shiga bayi, da zarar wannan kofin na baya ya karye takalmin ya daina riƙe ƙafa, kuma ba ya gyaruwa. Ka ajiye silifas na roba a shago ko ofis ko ƙarƙashin kujerar mashin, da shi za ka yi alwala ka je masallaci ka dawo. Ka sa ɗan hankici a aljihu ka goge ƙafa har tsakanin yatsu kafin safa ta koma, don jiƙaƙƙiyar ƙafa a rufe cikin zafi ita ke kawo ƙaiƙayi da farin ruɓewar nan ta tsakanin yatsu. Ranar Juma'a kuwa in ka je da shi, ka sa a leda ka shiga da abinka, kowa ya san dalili.

In dunduniyarka na zamewa sama da ƙasa kana tafiya, ga dabara. Can sama akwai wani ƙarin rami a kowane gefe da yawanci ba a amfani da shi. Ka zura igiyar dama cikin ramin dama ta waje ta yi ɗan kunne, ta hagu ma haka, sai ka ɗauki ta dama ka zura cikin kunnen hagu, ta hagu cikin kunnen dama, ka ja ƙasa sannan ka ɗaure. Zai kama wuyan ƙafar ba tare da ya matse yatsu ba. Wannan na ranar doguwar tafiya ne, don yana ƙara wa cirewa lokaci.

Wurin tafiya akwai abu biyu uku da za ka kiyaye. Jiƙaƙƙen tayil, irin na wurin alwala ko banki ko asibiti da aka gama gogewa, nan haƙoran ba su da abin kamawa, kuma abin da ke taɓa ƙasa kaɗan ne, saboda haka kada sunan takalmin ya ruɗe ka, taka a hankali. 'Yan kabu-kabu da duk mai hawa mashin, saman ƙafar hagu inda ke ɗaga giya nan ne ke fara hujewa, ka kai wa shumeka ya ɗora maka 'yar fata a wurin tun bai huje ba, kuma ka kula da salansa, taɓawa ɗaya soson ya narke. Igiya kuma a tura ta ciki kada ta kama wani abu. Wanda ke zuwa gona ko fadama ta wajen Kwalkwalawa bayan damina, ƙarangiya za ta cika igiyar da safa, tsidau kuma ya maƙale tsakanin haƙora, a bakin ƙofa za ka tsaya ka cire su da tsinke kafin ka kai wa yara cikin ɗaki. Da safe kuma, musamman lokacin bazara, ka kifa shi ka buga a ƙasa kafin ka zura ƙafa, kunama na son wuri mai duhu.

Wanki ba wuya. Da hunturu ba kullum ruwa ba, ka bari ƙurar ta bushe ka kakkaɓe da tsohon buroshi. In ya yi datti sosai ka zare igiya da shimfiɗar ciki, ruwa mai sanyi da ɗan sabulu kaɗan, ka goge a hankali, ban da ruwan zafi, ban da bilic, ban da jiƙa shi cikin omo ya kwana. Ka ɗauraye sosai. Shanyar ce ke kashe takalma a garin nan, mutum ya wanke ya ɗora a kan kwano ko katanga da tsakar rana, zafin ya narkar da gam ya ƙanƙance soson, wata ɗaya ka ga hanci ya buɗe baki. A inuwa za ka sa shi inda iska ke bi, ka cusa masa tsohuwar takarda ta tsotse ruwan, iskar Sakkwato busasshiya ce, in ba cikin damina ba kafin gari ya waye ya bushe. Haka kuma kada ka bar shi a but ɗin mota ta wuni a rana. Wari in ya fara, ka daka gawayi ka ƙulle a tsohuwar safa ka jefa ciki ya kwana. In da hali kada ka sa shi kullum a jere, ranar da za ka sa manyan kaya dama ba wurinsa ba ne, ka bar shi ya sha iska. Da kaftani na zirga zirga ko wandon jins yana tafiya lafiya, mata ma da doguwar riga da hijabi ba mai lura, amma babbar riga da Speedcross mai kalar lemo ranar ɗaurin aure, a'a dan Allah.

Shumeka zai iya liƙe maka robar da ta ɗaga, zai iya faci a sama, in zai ɗinke zagayen ka ce ya bi ta gefe kada ya huda ta inda tafin ƙafa ke zama. Abin da ba zai iya ba shi ne dawo da soson da ya mutu. In ka fara jin tsakuwa ta cikin takalmin, ko dunduniya da gwiwa suna maka ciwo da yamma alhali da ba sa yi, ko haƙoran gefe ɗaya sun shafe tas ɗaya gefen na nan, ka sauke shi zuwa aikin gona ko kwaɓa siminti ka nemi wani.